Zuwa ga Inna Hauwa Mai Shayi, Kan Shekarun da Jikinki Ya Sauya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, Hauwa mai shayi ta unguwar Mayo, wadda Allah Ya yi wa rasuwa a birnin Khartum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana sauka a makwancinki safe da yamma, ni ce 'yarki Amina nake rubuto miki daga Gusau, inda aure ya kawo ni. Na san a can gida da baki muke Hausa, ba da alƙalami ba. A nan na koyi rubuta ta. Na kuma san mata da yawa za su karanta wannan takarda. Da gangan na bar ta a buɗe, domin ke ma ba ki rufe wannan magana ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya ina tsaye gaban ɗalibaina a Islamiyya ina koyar da Larabci, sai wani zafi ya taso min daga ƙirji, ya haura wuya, ya mamaye fuskata kamar an buɗe tanda. Zufa ta jiƙe min hijabi. Kalmar da ke bakina ta ɓace ɓat. Na dafa allo. Inna, ko kaɗan ban tsorata ba. A raina cewa na yi, to, ya iso. Daga nan sai kika cika min ido, har na dawo gida ke nake gani.

Ina ganinki a shekarun farko na mulkin soja, lokacin da ake layin burodi tun da sassafe, sukari kuma sai da kati. Baba yana gadi a wata masana'antar sabulu a Bahri, bayan ya gaji da tsintar auduga a Jazira, ba ya dawowa gida sai ranar Alhamis. Ke kuma kina da wurinki a gindin wata dalbejiya a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, tsakanin garejojin mota da masu walda. Ga kurfotinki, ga butocin shayi, ga kwalabe a jere: citta, kirfa, kanumfari, na'ana'a. Ina gefenki ina wanke kofuna, ina budurwa ana maganar aurena.

Da riƙon kai aka san ki a wurin nan. Mutum ya sha shayinki sau ɗaya, kin riƙe yadda yake so har abada. Tun daga nesa kike hango makaniki yana goge hannu da tsumma, kafin ya iso kofinsa ya haɗu.

Kina da shekara arba'in da 'yan kai al'adarki ta ɗauke. Ba ki gaya min ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba kya kamawa, balle irin wannan zance. Amma ɗaki ɗaya muke kwana, na lura wata da watanni sallarki ba ta yanke ba. Wata rana na ji ki ta katanga kina yi wa maƙwabciyarmu Hala Zahra raɗa. Kika ce, "Zahra, da girmana? Ga budurwa a ɗaka ana shirin kai ta gidan miji, ni kuma in fito da ciki?" Kunya kike ji. Amma na gan ki kina ware tsofaffin zannuwa masu laushi kina ninkewa a ƙasan akwati, kina murmushi ke kaɗai.

Sai jinin ya zo, ya zo da ƙarfi, kina zaune a wurin sana'a tsakiyar maza. Ba ki motsa daga kan kujerarki ba. Haka kika ci gaba da zuba shayi a zaune, fuskarki ta yi fari fat, har la'asar ta yi mutane suka ragu. Sannan kika ce da ni a hankali, "Ke, je ki aro min tob wajen mai wainar kisra." Da wannan mayafin aro kika lulluɓe jikinki muka hau mota.

Matan unguwa suka yi ta shigowa jajen ɓari. Kika kwanta kika juya fuska bango, kika yi kukan ɗan da kika riga kika fara so.

Bayan nan abubuwa suka yi ta zuwa ba a jere ba. A tsakiyar sanyi, kowa ya ƙudundune, ke kina fifita da murfin tukunya, zufa na ɗiga daga haɓarki. Barci ya ƙaurace miki, da safe sai mu tarar kin shanya zanen shimfiɗa. Gwiwoyinki suka fara ciwo. Gabanki yana faɗuwa babu dalili, ki dafe ƙirji ki ce, "Wani abu zai faru," alhali babu abin da ya faru.

Akwai wani dattijo mai walda da ke da ciwon sukari, ya yi shekaru yana shan shayinki ba sukari. Ran nan kika zuba masa cokali cike. Ya kurɓa, ya ajiye, ya ce, "Ma'alesh, ya Hajja, ba komai." Shi ya manta da zancen nan take. Ke kuwa kika wuni kina duba kowane kofi sau biyu kafin ki miƙa.

Ke da ba a taɓa jin muryarki a waje ba, wata Alhamis kika daka wa Baba tsawa gaban baƙi saboda ya ajiye takalmi a kan tabarma. Kika dubi Baba, kika dubi baƙin, kamar wata ce ta yi magana da bakinki. Sai kika shige bayan ɗaki kina kuka.

Amma abin da ya fi cin ranki shi ne salla. Jini ya zo kwana biyu ya tafi, ki yi wanka, ya dawo, ya ɗauke, ya sake dawowa. Na sha ganinki tsaye da buta a hannu an kira azahar, kin rasa ko ki yi alwala ko ki ajiye. Na ji ki kin ce, "Ni da Ubangijina ma na rasa sanin ranar da zan tsaya gabanSa."

Kowa da abin da ya faɗa. Wasu suka ce kambun baka ne, saboda cinikinki ya fi na sauran masu shayi. Wasu suka ce iska ce, a kai ki gidan zar, borin can, a Omdurman a buga miki ganga. Kika ce ba za ki ba. Baba ya karɓo rubutu wajen malami, kika sha da bismilla, zafin bai fasa zuwa ba.

Sai ranar da kika tafi kasuwar Omdurman ke kaɗai sayen ganyen shayi da kayan ƙamshi. Tun hantsi kika fita, ba ki dawo ba sai yamma lis, jakarki wayam. Kika zauna a bakin gado ba ki ko cire tob ba. Kika ce kin tsaya a tsakiyar layin masu kayan yaji, layin da kika sani kamar tsakar gidanki, kika rasa abin da ya kawo ki. Masu shago suna ta kira, ke kina kallonsu. Kika nemi inuwa kika zauna har hankalinki ya dawo.

Ranar ce kika fara yi min magana kamar babbar mace. Kika ce, "Ke, matso nan. Idan kika ga na fara tsince-tsince a bola, kada ki bari yara su bi ni da jifa. Ki rufe ni a ɗaka." Kika ce kuma za ki sayar da kurfotin ki bar wa wata gindin dalbejiyar, gara ki tashi da mutuncinki tun kafin a fara nuna ki. Inna, da wannan kurfotin muke ci, da shi ƙannena suke zuwa makaranta. Amma ba shi ne ya tsorata ni ba. Yadda kika faɗi maganar ne, a natse, kamar wadda ta gama shiri.

Da Baba ya dawo na kwashe duka na gaya masa. Sannan ya ce, "Asabar ba zan koma Bahri ba. Asibiti za mu." Ya kai mu wani asibitin mata a Omdurman, shi ya tsaya waje a inuwar katanga da carbinsa.

Likitar mace ce mai furfura, sanye da farin tob. Ba ta yi gaggawa ba. Ta fara jero miki tambayoyi da Larabci. Zafi yana taso miki daga ƙirji? Kina jiƙa shimfiɗa? Al'ada ta rikice? Kina mantuwa? Fushi yana zuwa kafin ki san dalilinsa? Kowace ta faɗa sai ki ɗaga kai. Can kika juyo kika harare ni, kika ce da Hausa, "Ke kika gaya mata?" Na rantse ban taɓa ganinta ba. Da na fassara mata sai ta yi dariya, ta ɗauki wani kwali a tebur ta fifita fuskarta, ta ce, "Ya Hajja, kin ga wannan? Ni ma da shi nake yawo."

Ta duba ki sosai, ta sa aka ɗebi jininki. Ta ce jininki ya yi ƙasa saboda zubar da ya yi, ta rubuta miki magani. Ta ce bisa abin da ta gani da abin da kika faɗa, babu ciki tun farko. Ta ce jikin mace idan ya kusa daina al'ada ba ya dainawa rana ɗaya. Yakan ɗauki shekaru yana ja da baya, sinadaran da ke tafiyar da shi suna hawa suna sauka, kuma wannan hawa da saukar yana taɓa barci, da ƙashi, da zuciya, har da tunani. Ta ce idan zubar ta ƙaru ki dawo, kada ki zauna a gida kina haƙuri. Idan kuma ya ɗauke gaba ɗaya sannan ya sake ɓullowa, shi ma ki dawo.

Sannan kika tambaya, muryarki ƙasa-ƙasa, "Ba hauka ba ne?"

Ta ce, "Ba hauka ba ne."

"Ba iska ba?"

"Jikinki ne, ya Hajja. Aiki ya yi tun kina yarinya, yanzu yana tattara kayansa."

Kika ce to mene ne sunan abin. Ta ce a littattafai ana kiransa sinnul ya'as, wato shekarun yanke ƙauna. Kika gyara zama, kika ce, "Yanke ƙauna? Daga rahamar wa? Wanda ya raɗa sunan nan namiji ne ko?" Likitar nan ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido.

A hanyar dawowa motar ta cika maƙil, Baba yana can gaba, mu muna baya. Da muka hau gada kika zuba wa kogi ido. Muna tsakiyar gadar na ji kin sauke numfashi, kika ce, "Ashe ban rasa kowa ba." Hawaye na zuba, amma fuskarki a sake take.

Sai kika juyo kina bin matan cikin motar da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ga wata tsohuwa da kwandon albasa, ga malamar makaranta, ga yarinya da littattafai a ƙirji. Kika ce, "Subhanallah. Wato duk waɗannan, wadda ba ta wuce ba tana kan hanya. Uwata ta yi wannan a duƙe a gonar auduga, rana na dukanta, ba ta ce da kowa uffan ba. Subhanallah." Har muka sauka a kasuwar Suk Arabi tasbihi kike yi. Ban taɓa ganin wanda aka gaya wa labarin jikinsa ya karɓe shi kamar an karanta masa aya ba, sai ke.

Ba wai daga ranar kika warke ba. Shekaru abin ya yi yana zuwa yana tafiya. Amma ba ki sayar da kurfotin ba. Kika matsar da shi inda iska ke kwashe zafin garwashi daga fuskarki. Kika ajiye tawul a cikin bokitin ruwa kusa da ƙafarki. Kika bar shan gahawa mai citta, kika koma zobo mai sanyi. Makanikai kuma kika ce da su, kanki a ɗage, "Daga yau kowa ya faɗi yadda yake son shayinsa. Na riƙe muku shekaru, yanzu ku riƙe da kanku." Suka yi dariya, suka riƙa faɗa, babu wanda ya sauya wuri.

Zancen salla kika kai wa matar liman, ta tambayo miki, aka bambance miki jinin haila da jinin ciwo. Daga nan ban sake ganinki tsaye da buta kina waswasi ba.

Baba ma ya koya. Ya kafa miki rumfa a tsakar gida ya fitar da gadonki can, ya sayo sabuwar randa ya ajiye a gefen. Idan kika ji fushin nan yana tasowa sai ki ce, "Malam, ga shi nan fa." Shi kuma ya ɗauki hularsa ya ce, "To, Hauwa, bari in je in gaida mutanen masallaci." Idan ya dawo ya tarar da ke kina dariya.

Abin da har yau nake jinjina miki shi ne yadda kika buɗe baki. Ranar Juma'a da yamma mata sukan taru a gidanmu shan gahawa, ana ƙona turare. A nan kika fara ba da labarin, tiryan-tiryan, har da ranar tob ɗin aro. Da farko suka rufe baki da mayafi suna salati. Can wata ta ce ita shekara guda ke nan tana zaton ciwon zuciya ne zai kashe ta, har ta raba 'yan kunnenta ga 'ya'yanta. Wata ta ce ita ta ɗauka asiri aka yi mata. Kowace ta daɗe tana ɗauke da abin ita kaɗai, katanga ɗaya ce tsakaninta da mai irinsa.

Lokacin an riga an ɗaura min aure da wani ɗalibi ɗan Najeriya, karatunsa ya riƙe mu a Khartum, don haka ina nan aka yi na Hala Zahra. Ita nata ya zo da fushi mai tsanani da ƙin shimfiɗa. Mijinta Usta Idrisa, makanikin manyan motoci, ya ce ya gaji, ta daina sonsa, zai mayar da ita wajen 'yan uwanta a Jazira. Ta shigo gidanmu idanu a kumbure, har ta ɗaure kayanta.

Washegari na zo taya ki aiki. Kika haɗa shayi kofi ɗaya, kika ɗora a faranti, kika nufi garejinsa da kanki, abin da ba ki taɓa yi ba. Ina biye da ke. Yana kwance ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Kika ce, "Usta, fito." Guduma ta tsaya, kowa ya juyo. Kika ja shi gefe inda ma'aikatansa ba za su ji ba, kika miƙa masa kofin.

Kika ce, "Usta, motar mutane idan ta yi zafi a hanya, turawa kake cikin rami, ko buɗe ta kake ka ga abin da ya same ta?"

Ya ce, "Buɗewa nake, Hajja."

Kika ce, "To matar da ta haifa maka 'ya'yan nan duka ba ta kai mota ba? Abin da ke damunta ya same ni. Ba ƙiyayya ba ce. Jikinta ne ke ciwo, kuma kunya ta hana ta gaya maka inda yake mata ciwo."

Kika yi masa bayani, mace ga namijin da ba muharraminta ba, cikin kalmomi masu tsafta, ba ki sunkuyar da kai ba. Shi ne ya sunkuyar. Shayin ya huce a hannunsa. Daga ƙarshe ya ce, "Wallahi Hajja ban sani ba. Babu wanda ya taɓa gaya min." Kika ce, "Mu ma babu wanda ya gaya mana. Ka wanke hannu ka kai ta asibiti." Ya kai ta a makon. Hala Zahra ta kwance kayanta, kuma a ɗakin nan ta zauna har mutuwa ta raba su.

Na tsaya a garejin nan ina kallonki kina komawa gindin dalbejiya, farantin a hannu, bayan tob ɗinki ya jiƙe da zufa. Matar da ta ce in rufe ta a ɗaka. Inna, ban san inda kika samo wannan ƙarfi ba.

Azumin ƙarshe da na yi a Khartum kafin mu taso Najeriya, jinin ya riga ya ɗauke miki kusan shekara guda. Zafin ma ya yi sauƙi, sai jefi-jefi. Kika ɗauki azumi tun ranar farko, ana zafin nan na Khartum mai fasa leɓe, kina zaune gaban garwashi kina tuƙa tuwon asida na buɗa-baki. Kullum ke ce farkon fita asham a layinmu.

Ranar Idi kika sa sabon tob ruwan zuma, kika riga kowa fita. Ina bayanki da goyo ina haɗawa da sauri. Aka idar da salla, aka gama huɗuba, mata suka fara naɗe tabarmi suna yi wa juna barka. Ke ba ki tashi ba. Hannuwanki a sama, leɓunanki na motsi, rana ta hasko fuskarki.

Da kika shafa sai kika juyo kika kama hannuna. Kika ce, "Kin san wani abu? Tun ina yarinya a Jazira ban taɓa haɗa watan nan cif ba. Ko haila, ko ciki, ko shayarwa, kullum ana bina bashin kwanaki. Bana ko ɗaya ban sha ba. Allah Ya karɓi abu ɗaya, Ya ba ni watan nan sukutum." Kika yi wata irin dariya mai sanyi, kika share ido da gefen tob, kika dafa kafaɗata kika miƙe tsaye.

Haka nake son in riƙa tuna ki, a tsaye a filin Idin Mayo.

Ya Allah, Ka jiƙan Hauwa. Ka sanyaya makwancinta, Ka yalwata shi, Ka cika shi da haske. Ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka jiƙan Baba, Ka haɗa su a inuwa ɗaya. Ka jiƙan uwarta da duk matan da suka wuce ta wannan hanya a shiru. Waɗanda ke cikinta yanzu kuma Ka ba su sauƙi, da barci mai daɗi, da mutanen gida masu fahimta. Amin, ya Rabbal alamina.

Ki huta lafiya, Inna.

Wassalam.

'Yarki mai yi miki addu'a kullum,
Amina